Fumfuna A Abincin Kaji: Gubar Da Ido Ba Ya Gani

Akwai wata al'ada da ta zauna daram a gidajenmu, birni da ƙauye, har ba mai tsayawa ya tambayi dalilinta. Idan uwargida ta zauna tsintar gujiya, wato gyaɗa, sai ta ware masu kyau ta zuba a ƙwarya, waɗanda suka yi baƙi ko suka yanƙwane kuwa ta watsa wa kaji. Haka nan maigida in ya buɗe rumbu ya tarar masarar da ke ƙasa ta sha laima ta yi fumfuna, ba zai zubar ba, cewa zai yi a kai wa kaji, ai cikin kaza ba abin da ba ya niƙawa. Masu gidajen gona ma da ke kiwon kaji ɗari biyar ko dubu ba su tsira daga wannan tunani ba, domin da yawansu in sun shiga kasuwa buhun da ya fi araha suke nema, ba tare da sun tambayi abin da ya karya masa kuɗi ba.

To, jama'a masu karatu, wannan al'ada tana cin dukiyar makiyaya a ɓoye. A cikin irin wannan tsaba akwai guba wadda ke cinye hantar kaza sannu a hankali. Masana sun gano abubuwan da ake gauraya wa abincin kaji su rage ƙarfin gubar, kuma yau ana samun su wajen masu sayar da magungunan dabbobi. Ya kamata makiyayi ya san su, ya san aikin da suke yi, ya kuma san inda ƙarfinsu ya tsaya.

YADDA AKA GANO GUBAR

A shekarar 1960 wata annoba ta auka wa gidajen kiwon talo-talo a ƙasar Ingila, ƴan tsakin talo-talo fiye da 100,000 suka mutu cikin ƴan watanni. Likitocin dabbobi suka bincika ba su ga ƙwayar wata cuta da suka sani ba, don haka suka laƙaba mata suna cutar X, wato cutar da ba a san asalinta ba. Da aka bi diddigi sai aka tarar gidajen da abin ya shafa suna ciyar da tsuntsayensu da tunkuzar gujiya, wato ƙuli-ƙuli, wadda aka kawo daga ƙasar Barazil. A cikin wannan tunkuza aka sami gubar wata irin fumfuna mai suna Aspergillus flavus da Latinanci, kuma daga sunan nan aka ciro sunan gubar, afalatoksin.

Fumfuna, ko hunhuna kamar yadda wasunmu ke faɗi, abu ne mai rai. Irinta yana cikin ƙasar gona da cikin iska, jira kawai take ta sami zafi da danshi ta tsiro. Ita wannan mai gubar ta fi jin daɗin zafi irin na ƙasashenmu. Tana shiga gujiya tun tana cikin ƙasa, musamman in ruwa ya ɗauke kafin ta nuna, ƙasa ta yi zafi, ɓawo ya tsage. Tana shiga masara ta ramin da tsutsa ta huda. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bayan girbi kuma, in aka shanya amfani a kan ƙasa ruwa ya doke shi, ko aka ɗure shi a buhu bai gama bushewa ba, to an shimfiɗa mata tabarma. Masarar da muke ba kajinmu galibi daga ƙasashen kudu take zuwa, inda damina ta fi tsawo, kuma takan daɗe a hanya da cikin sito kafin ta iso.

Abu biyu ne suka sa wannan guba ta zama abin tsoro. Na farko, wuta ba ta kashe ta. Suya da dafuwa suna kashe ita fumfunar, amma gubar da ta riga ta zuba tana nan. In aka matse mai daga gujiya, yawancin gubar a cikin tunkuza take zama, ita kuwa tunkuza ita ce abin gina jiki da makiyayanmu suka fi dogara da shi. Na biyu, ɗan kaɗan ya isa ya yi ɓarna. A Amurka doka ba ta yarda abincin ƴan tsaki ya ƙunshi fiye da kashi 20 cikin biliyan ɗaya ba. In muka yi lissafi, giram 20 ke nan, nauyin ƙwayar sukari huɗu, a cikin tan 1,000 na abinci, wato buhu 10,000 masu kilo ɗari-ɗari. A Tarayyar Turai kuwa iyakar da aka sa wa haɗaɗɗen abincin ƴan tsaki kashi 5 ce kacal. Abin da ake aunawa da irin wannan ma'auni ido ba ya ganinsa. Buhu yana iya zama fes a ido alhali ƴan ƙwayoyi kaɗan da ke ciki sun gurɓata shi.

ABIN DA TAKE YI WA KAZA

Kaza in ta ci abinci mai gubar, hanji ne ke tsotse ta ya miƙa wa jini, jini ya kai ta hanta. A nan ɓarnar take farawa. Wanda ya yanka irin wannan kaza zai ga hantarta ta kumbura, ta koɗe ta yi rawaya-rawaya, ta tara kitse, da an taɓa ta sai ta marmashe. Hanta kuwa ita ce ma'aikatar jiki. In ta yi rauni kaza za ta ci abinci ba ta ƙiba, kajin nama su wuce lokacin sayarwa ba su kai nauyi ba, kajin ƙwai su rage yi, ƙwan da aka sa wa kwanci ya ƙi ƙyanƙyashewa yadda ya kamata. Wani lokaci akan ga jini ya kwanta a cinya da ƙirji bayan an fige, domin gubar tana hana jini daskarewa.

Ɓarnar da ta fi ɓoyuwa ita ce ta garkuwar jiki. Ɗan tsako yana da wata ƴar jaka kusa da dubura wadda a cikinta ake renon ƙwayoyin da ke kare shi daga cuta. Gubar tana sa wannan jaka ta ƙanƙance. Shi ya sa makiyayi kan yi wa kajinsa rigakafin Niyukasil da Gumboro a kan lokaci, amma cuta ta zo ta kwashe su, ya koma yana zargin mai sayar da maganin, ko ya ce baki ne ya kama su, alhali laifin yana cikin kwanon abinci. Ƴaƴan agwagwa sun fi kowane tsuntsun gida saurin faɗuwa, sai talo-talo. Kaza ta fi su juriya, kuma wannan juriya ce ke ruɗin mu, don ba ta faɗuwa nan take, sai dai ta yi ta cin riba.

Maganar ba ta tsaya ga kaji ba. Ɗan kaɗan daga gubar yakan wuce cikin ƙwai da nama, ya fi taruwa a hanta. Amma hatsarin da ya fi girma ga ɗan Adam shi ne cin ita tsabar da kanta. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa afalatoksin cikin rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji, wato na hanta, kuma hatsarin ya fi yawa ga wanda ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B. A shekarar 2004 a gabashin ƙasar Kenya mutum 317 suka kwanta bayan sun ci masara mai gubar, 125 daga cikinsu suka rasu. Wani bincike da aka buga a 2002 kan yara 480 a ƙasashen Benin da Togo ya nuna yaran da gubar ta fi yawa a jininsu su ne suka fi tsumburewa. Saboda haka mai tsabtace abincin kajinsa rumbun iyalinsa yake tsabtacewa, domin sau da yawa buhu ɗaya ake ɗiba.

YUMƁU MAI KAMA GUBA

Daga cikin abubuwan da ake ƙara wa abinci, wanda aka fi gwadawa kuma aka fi amincewa da shi wani irin yumɓu ne. Wajen ƙarshen shekarun 1980 wani masani mai suna Timothy Phillips da abokan aikinsa a jami'ar Teksas A&M ta Amurka suka gwada wani yumɓu da aka daɗe ana zuba wa abincin dabbobi don kada ya dunƙule. Suka ga in aka sa rabin kashi ɗaya cikin ɗari a abincin da aka gurɓata da gangan, ƴan tsakin da suka ci sukan tsira daga yawancin ɓarnar. Wannan yumɓu, da ƴan'uwansa da ake kira bentonayit, ƙwayoyinsa shafi-shafi suke kamar littafi. Gubar tana kutsawa tsakanin shafukan ta maƙale, sai ta bi hanji ta fita cikin kashi ba tare da ta shiga jini ba.

An gwada shi har ga mutane. A yankin Ejura na ƙasar Gana aka ba waɗansu manya da suka yarda wannan yumɓu cikin ƙwayar magani har wata uku, sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna alamar gubar ta ragu a jininsu da fitsarinsu. A 2013 kuma Tarayyar Turai ta amince da bentonayit a matsayin abin rage afalatoksin a abincin kaji da sauran dabbobi, ta sa masa iyaka kada ya wuce kilo 20 a tan ɗaya.

Lissafinsa ba wuya. Rabin kashi ɗaya cikin ɗari shi ne kilo 5 a tan ɗaya, ko rabin kilo a buhu mai kilo 100, ko giram 250 a buhu mai kilo 50. Waɗansu nau'o'in da ake sayarwa ƙasa da haka ake zubawa, don haka a bi abin da aka rubuta a jikin leda. Kazar ƙwai tana cin kimanin giram 120 a rana, kaji ɗari ke nan suna cin kilo 12, yumɓun da za su buƙata a rana bai wuce giram 60 ba. A ce waɗannan kaji suna ba da ƙwai 80 a rana, gubar ta mai da su 70. Ƙwai goma a rana ƙwai 300 ne a wata, kiret goma ke nan. Kowa ya auna kuɗin kiret goma da kuɗin yumɓu kilo biyu a kasuwar garinsu, zai ga wanda ya fi tsada.

Gaurayawa ita ce rabin aikin. Wanda ya juye giram 250 a bakin buhu ya motsa da hannu sau biyu bai yi kome ba, domin wasu kaji za su ci yumɓu zalla, wasu ba za su samu ba. A fara cuɗa shi da tiya ɗaya ta abinci har ya bi ko'ina, a ƙara tiya biyu a sake cuɗawa, a yi ta ninkawa har buhu ya ƙare.

Sai gargaɗi guda biyu. Na farko, ba kowane yumɓu ba ne ke wannan aiki. Laka ta bakin tabki, da jar ƙasa ta gini, da farar ƙasa da ake shafe ɗaki, ba su ake nufi ba. Wasu ba sa kama gubar sam, wasu kuma suna ɗauke da dalma da wasu abubuwa masu cutarwa. A 1997 a Amurka aka tarar da wata guba mai suna dayoksin a naman kaji, da aka bi sawu sai aka ga daga wani yumɓu da aka haƙo a jihar Misisifi aka zuba wa abincinsu ta fito. In haka ta faru inda ake da ɗakunan awo, ina ga wanda ya ɗebo daga kududdufi? Na biyu, yumɓu yana iya kama magani kamar yadda yake kama guba. Dokar Turai ɗin nan ta ce a guji haɗa bentonayit da magungunan dangin tailosin da ake ba kaji ta baki, da wani maganin zawon jini mai suna robenidin. Saboda haka mai ba kajinsa magani ya faɗa wa likitan dabbobi cewa akwai yumɓu a abincinsu.

SAURAN ABUBUWAN ƘARI

Afalatoksin ba ita kaɗai ce gubar fumfuna ba. Akwai fumonisin wadda ta fi yawa a masara, akwai okaratoksin wadda ke taɓa ƙoda. Yumɓu ya ƙware wajen kama afalatoksin, amma waɗannan ba ya riƙe su sosai. Wannan ne ya sa kamfanoni ke haɗa shi da ɓawon yisti, irin wanda ake kwaɓa burodi da shi. Ɓawon ƙwayar yisti yana da wani sinadari mai danƙo da ke kama guba iri-iri, kuma ɗan kaɗan ake zubawa. Haka nan waɗansu ƙwayoyin halitta masu amfani, dangin waɗanda ke sa nono ya yi tsami, an ga suna kama wani sashe na gubar a cikin hanji, suna kuma gyara lafiyar hanjin.

Gawayi ma ana maganarsa. Wanda masana suka gwada shi ne gawayin da aka sarrafa a masana'anta har ya yi ƙofofi ƙanana barkatai. Yana kama guba ƙwarai a kwalbar gwaji, amma a cikin kaza sakamakonsa bai tsaya wuri ɗaya ba, kuma ba ya zaɓe, yakan kama bitamin tare da guba. Gawayin murhu kuwa ko kusa bai kai wannan ƙarfi ba.

Akwai kuma rukunin da ba kama gubar suke yi ba, hanta suke taimakawa ta jure. A ciki akwai bitamin E da sinadarin seleniyam, da metiyonin wanda hanta ke amfani da shi wajen warware guba. Kaza mai samun isasshen abincin gina jiki ta fi wadda aka bari da dusa zalla juriya. Har kurkum, wanda wasu ke kira gangamau, an gwada garinsa a abincin kajin nama, aka ga ya rage ɓarnar hanta, ko da yake bai kai yumɓu ba. Waɗannan mataimaka ne, amfaninsu ya fi fitowa in an haɗa su da yumɓu.

ABIN DA ƘARI BA ZAI IYA BA

A nan ne ake samun kuskure. Wani da ya ji labarin yumɓu sai ya ce to shi ke nan, bari ya sayi ruɓaɓɓiyar masara da araha ya barbaɗa mata hoda. Wannan ya yi asara biyu. Yumɓu rage gubar yake yi, ba ya share ta duka, kuma in ta yi yawa takan fi ƙarfinsa. Ban da haka, fumfuna ta riga ta cinye mai da bitamin da ke cikin tsabar, ba kuwa hodar da za ta mayar da su. Ko a Turai ba a yarda a yi amfani da shi don a halatta abincin da ya wuce iyakar doka ba. An yi shi ne don abincin da ya yi kyau a ido amma ba a da tabbacin abin da ke ɓoye cikinsa. Araha dai ba ta ado.

Rigakafi yana farawa daga gona. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, tare da ma'aikatar noma ta Amurka, ta fito da wani abu mai suna Aflasafe. Dawa ce da aka lulluɓe da irin fumfunar nan amma wadda ba ta da guba. Ana watsa kilo 10 a hekta ɗaya, mako biyu zuwa uku kafin amfani ya yi fure, sai marar gubar ta mamaye gona ta hana mai gubar wuri. Gwaje-gwaje sun nuna tana rage gubar da kashi 80 cikin ɗari ko fiye. An yi mata rajista a Nijeriya a 2014, an kuma yi wa Senegal da Burkina Faso da Gana irin nasu.

Bayan girbi, a shanya a kan tamfol ko daɓe, kada a kan ƙasa. Masara ta bushe har danshinta ya sauko kashi 13 cikin ɗari, gujiya kuwa kashi 7 zuwa 8. Wanda ba shi da na'urar awo ya sami busasshiyar kwalba, ya zuba tsaba da busasshen gishiri, ya rufe ya girgiza ya ɗan jira. In gishiri ya manne a jikin kwalbar, tsabar ba ta bushe ba. A tsince ƙwayoyin da suka yi baƙi, ko suka fashe, ko ƙwaro ya huda, domin a cikinsu yawancin gubar take. Abin da aka tsince a binne shi ko a ƙone, kada a watsa wa kaji. Buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa tun 2007 tare da masu bincike na ƙasashenmu, cikinsu har da na INRAN a Maraɗi, yana hana ƙwari da iska shiga, amma sai tsaba ta bushe ake ɗurawa.

A sito, a ɗora buhuna kan katako, a janye su daga bango, a fara amfani da wanda ya riga shigowa. Da damina kada a haɗa abincin da zai wuce mako biyu. A riƙa kankare kwanon abinci, domin jiƙaƙƙen garin da ke manne a gindinsa gonar fumfuna ce. Mai sayen tunkuza ya fasa ya shinshina, ya duba cikinta, ya kuma san hannun da yake saye.

KIRA GA HUKUMA DA ƘUNGIYOYI

Yau akwai ƴan sandunan gwaji da ke nuna gubar cikin mintoci kaɗan. Makiyayi ɗaya ba zai iya sayen kayan aikin ba, amma ƙungiyar makiyaya za ta iya, ma'aikatar kiwo ta jiha ma za ta iya. Da za a ajiye su a manyan kasuwannin hatsi, mai saye ya auna kafin ya biya, da ƴan kasuwa da kansu sun gyara ajiyarsu. Haka nan ya kamata hukuma ta sa ido kan hodar da ake sayarwa da sunan maganin guba, a tabbatar an gwada ta, a kuma rubuta yadda ake zuba ta da harshen da makiyayi ke karantawa. Ƙungiyoyin mata masu matsar man gujiya su ma suna da rawar takawa, domin daga hannunsu tunkuza ke fitowa, kuma in suka tsince gujiya kafin suya sun kare kaza sun kare yaron da ke cin ƙuli-ƙuli a hanyar makaranta.

Kafin hukuma ta motsa, abin da ke hannun kowannenmu ba ya buƙatar ko dala: abin da ba za mu ci ba don ya ɓaci, kada mu ba kazar da za mu ci ƙwanta gobe. In kunne ya ji, jiki ya tsira.